Waƙoƙin Yaƙin Hitila: Na Dajin Bama Da Na Dajin Rudniki

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, bai jefa bom ko ɗaya a Kafur ba, amma ya shiga gidajen mutane. Ya fara shigowa ta gona: Bature na matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa na kwasa daga Funtuwa. Sai diban gwamna, tsakanin 1942 da 1944, lokacin da aka riƙa tasa ƙeyar talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka kashe mutane da dama. Sai diban soja, wanda ya bi ta hannun hakimai da dagatai. Wani ya je don kansa, saboda albashi da kaki. Wani kuwa sunansa kawai aka bayar.

Da sojojin Musolini aka fara. A watan Fabrairun 1941 dakarun Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya, suka nausa har Harar, a watan Afrilu Addis Ababa ta faɗi, aka share wa Sarki Haile Selassie hanyar komawa gida. A 1943 Ingila ta kafa rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ta tura su Indiya, daga nan Bama, su kara da Japanawa. A kwarin Kaladan na Bama, inda aka kai su, babu hanyar mota. Jirgin sama ke jefo abinci, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka: ga akwatin harsashi a bisa gammo, ga adda a hannu ana saran daji, ga matsattsaku na shan jini a ƙwauri, ga zazzaɓi. A haka suka kai ga Myohaung a watan Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, har hafsoshin Turawa sai sun koya, kuma soja ba ya doguwar tafiya babu waƙa.

Da suka dawo, Malam Sa'adu Zungur na Bauci ya rubuta musu "Maraba da Soja". Malamin bai tsaya ga yabon jarumta ba. Ya ga abin da Bature bai so a gani: mutumin da aka kai ƙetaren teku da sunan kare 'yanci zai dawo ya tambayi nasa. Ba a yi nisa ba, a watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, rubutacciyar waƙa ta zama makamin 'yan Sawaba.

A daidai shekarun da mutanenmu ke saran daji, a wani dajin can arewacin Turai wasu matasa na rera tasu waƙar da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Vilna, wadda yanzu ake kira Vilnius, babban birnin Lituwaniya, cibiyar ilimi ce ta Yahudawa. Jamusawa sun shige ta a watan Yunin 1941, suka killace Yahudawa a 'yan unguwanni, suka riƙa kwasar su zuwa ramukan Ponar ana harbewa. Kimanin 70,000 aka kashe a wurin. A jajibirin 1942 wani matashin mawaƙi, Abba Kovner, ya tara samari ya ce musu kisan na kowa da kowa ne, a tashi a yi faɗa. A watan Janairun aka kafa ƙungiyar 'yan sari-ka-noƙe ta FPO. Wata budurwa cikinsu, Vitka Kempner, ta dasa nakiya a layin dogo a 1942, ta tarwatsa jirgin sojan Jamus.

Hirsh Glik, ɗan wani talaka mai sayar da tsofaffin kaya, shekarunsa 21 lokacin da labari ya iso cewa Yahudawan Warsaw sun yi bore a ranar 19 ga Afrilun 1943. Ya zauna ya tsara baitoci, ya ɗora su a kan karin wata waƙar sojan Rasha ta Dmitri Pokrass wadda mutane suka riga suka sani. Dabarar ke nan: ba a buƙatar takarda, wadda in an kama ka da ita sai kabari. Baki ya ba baki, har ta zama taken ƙungiyar, ta bi waɗanda suka sulale ta magudanar ruwa zuwa dajin Rudniki lokacin da aka rushe unguwar a watan Satumban 1943. Glik bai samu fita ba. An kai shi sansanin bauta a Estoniya, a 1944 ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin Shmerke Kaczerginski, abokin gwagwarmayarsu. Yana fitowa daga daji ya hau bin waɗanda suka tsira, yana zaunar da su yana rubuta abin da suka tuna, baiti da kari. A 1948 aka buga littafinsa a New York da waƙoƙi fiye da 200. Shekaru shida bayan haka ya mutu a haɗarin jirgin sama a Ajantina, amma aikin ya riga ya kammala. A 1949 Paul Robeson, baƙar fatar Amurka, ya rera waƙar Glik da Yidish a Mosko, ana tsakiyar kame marubutan Yahudawa a ƙasar. Har yau a tsaye ake rera ta a tarukan tunawa, ko da yake masu jin harshen sun ragu ƙwarai, domin akasarin miliyan shidan da aka kashe masu Yidish ne.

Ba na haɗa wahalar biyu a sikeli. Su ƙare dangi aka nufe su da shi, suka ɗau bindiga don kansu. Namu an kai su ne ƙarƙashin tutar wanda ke mulkinsu. Amma ina kishin yadda suka riƙe nasu. Mu gwamnati ce ta ajiye mana tarihin a jikin allon bariki, da sunaye daga yaƙin Bama: Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas. Direban da ke sauke fasinja a ƙofar Kalapanzin bai cika sanin sunan wani kogi ne a Bama ba. Ranar tunawa da mazan jiya ma an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar ƙarshen yaƙin basasa, ta ƙara nisa da mutanen Kaladan. "Maraba da Soja" ta tsira don malami ya rubuta ta, Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga. Waƙoƙin da kurata suka rera da kaya a ka kuwa sun dawo ƙauyuka ne a bakin masu su, kuma wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya haura ɗari yanzu. Abin da ya saura yana wurin 'ya'yan da suka ji su a zaure, su ma furfura ta gama da su.