Gadon Oberdan: Banda Black Rio da Ma'anar Dawowa

A shekarar 2011 kamfanin Far Out Recordings na birnin Landan ya fitar da faifan Super Nova Samba Funk da sunan Banda Black Rio, aka kuma karɓe shi a matsayin dawowar tsohuwar ƙungiyar makaɗan Rio de Janeiro. Kalmar dawowa a nan tana buƙatar a tsaya a kanta. Mutumin da ya kafa ƙungiyar, mabushin sakisafon Oberdan Magalhães, ya rasu a hatsarin mota tun 1984, ƙungiyar kuma ta watse a bayansa. Ɗansa William, wanda piyano ne abin kiɗansa, shi ya sake tara makaɗa a ƙarƙashin sunan a 1999, suka fitar da Movimento a 2001, faifan da kamfanin Mr Bongo na Ingila ya sake bugawa da suna Rebirth, wato sake haihuwa. Abin da wannan maƙala take son kafawa shi ne, waɗannan faya-fayan biyu gado ne, kuma ma'aunin gado ya kamata a ɗora su a kai: mene ne uban ya bari, wanne ne ɗan ya riƙe, wanne ne ya suɓuce masa.

Sai an koma tsakiyar shekarun 1970 kafin a gane abin da Oberdan ya bari. Birazil tana hannun sojoji tun 1964, gwamnati kuma tana tinƙaho da cewa ƙasar ba ta san wariyar launin fata ba, fari da baƙi duk 'yan uwa ne. Amma a unguwannin talakawa na arewacin Rio, dubban samari da 'yan mata baƙaƙen fata suna cika dakalan rawa a ƙarshen kowane mako, sun tara suma, sun sa takalma masu tudu, suna taka rawa da faya-fayan James Brown. Masu manyan lasifikoki irin su Soul Grand Prix da Furacão 2000 ne suke shirya taron, a kulob ɗin Renascença kuwa Dom Filó yakan haska hotunan fitattun baƙaƙen fata a bango yayin da kiɗa yake tashi. A watan Yulin 1976 'yar jarida Lena Frias ta rubuta dogon rahoto a Jornal do Brasil, ta sa wa harkar suna Black Rio, kanun nata kuma ya bayyana alfaharin nan na baƙar fata a matsayin kayan da aka shigo da shi daga waje.

Wannan zargi na kayan aro ya fito ta kowace kusurwa. 'Yan sandan ciki sun sa ido a kan masu shirya tarukan, suna tsoron kada gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ta tsallako. Gilberto Freyre, masanin da aka fi jingina wa ra'ayin haɗuwar jinsuna a Birazil, ya yi gargaɗi a kan harkar a 1977. 'Yan ra'ayin gurguzu suna ganin mulkin mallakar al'adun Amurka ne, wasu dattawan samba kuma suna ganin 'ya'yansu sun bar gida sun shiga dawa. Abin da masu sukar ba su tsaya sun tambaya ba shi ne dalilin da ya sa yaron da aka haifa a gindin samba ya ji ƙishirwar wani kiɗa. Samba ta riga ta zama tutar ƙasa, ta zama bikin carnival da ake sayar wa baƙi tikiti, wanda ya ƙirƙire ta kuwa yana nan a bayan layi.

A cikin wannan ƙura kamfanin faya-fayai na WEA, ƙarƙashin André Midani, ya nemi a haɗa ƙungiya da za ta ci kasuwar dakalan rawar. Niyyar ta ciniki ce, babu amfanin ɓoye wannan. Sai dai mutumin da aka ɗora wa aikin ya riga ya gogu: Oberdan ya yi busa tare da Dom Salvador a ƙungiyar Abolição, wadda ta fitar da Som, Sangue e Raça a 1971, ya kuma san gafieira, wato gidajen rawar ma'aikata inda kayan busa suke jan samba, mace da namiji suna rawa riƙe da juna. Ya jawo Barrosinho a kan bigila, Lúcio a turombon, Cristóvão Bastos a piyano, Jamil Joanes a jitar bes, Cláudio Stevenson a jita, Luiz Carlos a ganguna. Faifansu na farko, Maria Fumaça, ya fito a 1977. Sunan laƙabi ne da mutanen Birazil suke yi wa jirgin ƙasa mai amfani da kwal, kiɗan da ya ɗauki sunan kuma shi ne taken wasan kwaikwayon Locomotivas na talabijin ɗin Globo a shekarar.

A nan ne gadon yake, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Kiɗan funk yana sauke nauyinsa a bugun farko na kowane zagaye. Wannan ita ce dokar James Brown. Samba kuwa tafiyar bugu biyu take yi, babbar gangarta, surdo, tana sauke nauyi a na biyu. Ƙafar mai rawa ba za ta bi iyayengiji biyu a lokaci guda ba sai an sami gwanin da ya sasanta su. Abin da makaɗan Oberdan suka yi shi ne barin jitar bes ta yi tsalle irin na funk, ganguna da cuíca, ƙaramar gangar nan da ake murza sandar cikinta da jiƙaƙƙen tsumma har ta yi kuka, su riƙe lilon samba, kayan busa kuma su yi magana da harshen gafieira. Sannan suka zaɓi abin da za su kaɗa da hikima: Na Baixa do Sapateiro ta Ary Barroso, Baião ta Luiz Gonzaga da Humberto Teixeira, Casa Forte ta Edu Lobo. Waɗannan su ne kayan cikin ɗakin kiɗan Birazil. Duk wanda ya ce samarin nan sun manta gida, sai a kunna masa faifan ya ji waƙar kakansa da sabuwar tafiya. Kuma sun ba da amsar ba tare da mawaƙi a gaba ba. Busa ce take magana.

Gafieira Universal ya biyo baya a 1978, Saci Pererê a 1980, sun kuma raka Caetano Veloso a wasansa na Bicho Baile Show. Daga nan sai mutuwa ta yi nata.

Mai karatu Bahaushe ba zai sha wuyar gane matsayin William ba, domin a wurinmu kiɗa sana'ar gado ce. Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗauki sunan mahaifinsa ya ci gaba da waƙar fada, ba wanda ya ce Aliyu Ɗandawo ne ya dawo. Ɗa yana da haƙƙin sunan gidan, jama'a kuma suna da haƙƙin su ji ko hannun gidan yana nan. Ta wannan fuskar William ya tsaya da ƙafafunsa: jeren kayan busa da yake tsarawa suna da tsabta da kaifi irin na gidan, lilon samba kuma bai bar ƙarƙashin kiɗan ba.

Inda nake da ja shi ne yawan baƙin da aka gayyata cikin Super Nova Samba Funk. Akwai Gilberto Gil, akwai Caetano Veloso, akwai Elza Soares da Seu Jorge, kowannensu giwa ne a dajinsa. Amma idan giwaye suka cika gida, mai gida yakan koma zaure. Ƙungiyar da ta yi suna saboda ta sa busa a gaba ta koma mai raka muryoyin wasu a yawancin faifan, wasu wuraren kuma santsin ɗakin ɗaukar sauti na zamani ya goge gumin da ake ji a faifan 1977. Ina jin zafin wannan rashi, domin makaɗan da aka sani da bayan fage ba su cika samun damar tsayawa a gaba da sunansu ba, Oberdan kuwa ya ƙwato musu wannan damar.

Baƙo ɗaya ne nake ganin ɗan gida ne: Mano Brown na ƙungiyar Racionais MC's ta São Paulo. Waƙar gambarar zamani ta baƙaƙen Birazil daga dakalan rawar soul ta tsiro, kuma maganar wariya da samarin 1976 suka yi da suma da tufafi saboda bakinsu a ɗaure yake, shi ya fito ya faɗe ta da kalmomi. Shigarsa faifan ta haɗa jika da kaka, ta kuma nuna cewa abin da aka kira aro ya yi saiwa har ya yi 'ya'ya. Haka nan kiɗan ya koma inda aka ce an ɗauko shi: a 2009 mawaƙin Amurka Mos Def ya gina waƙarsa Casa Bey a kan Casa Forte kamar yadda Banda Black Rio ta kaɗa ta.

Saura tambayar da ta fi damuna, wato wanda aka yi wa dawowar. Kamfanonin Ingila ne suka ɗauki nauyin kai faya-fayan William kasuwar duniya, masu tara tsofaffin faya-fayai a Turai da Japan ne kuma suka riƙe sunan ƙungiyar lokacin da ya dusashe a gida. A unguwannin da aka haifi Black Rio, jikokin masu rawar 1976 suna nan suna cika dakali, Furacão 2000 ma ta daɗe tana kafa lasifikokinta, amma abin da suke kira funk yanzu wani kiɗa ne na inji da ya samo asali daga Miami a ƙarshen shekarun 1980, babu sakisafon a cikinsa, babu turombon. Shi ma 'yan sanda sun sa masa ido, shi ma an kira shi kayan aro. Faifan 2011 bai shiga wannan dakalin ba.