Aron Kalmomi: Darasi Daga Ingilishi Da Sakkwato

Sau da yawa a tarukanmu akan gargaɗi marubuci da ya guji baƙin kalmomi, ya riƙe tsantsar Hausa. To, amma wace ce tsantsar?

Mu fara da Ingilishi. Asalinsa harshen wasu ƙabilu ne dangin Jamusawa, waɗanda suka ƙetara zuwa Ingila a ƙarni na 5. Da Normawa suka ci ƙasar a 1066, sai Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. Ingilishi ya kwashi dubban kalmomi daga gare shi, kuma bai mutu ba.

Haka ita ma Hausa, 'yar dangin harsunan Cadi. Daga Larabawa muka sami littafi da alƙalami, daga Barebari karatu da rubutu, daga Azbinawa takarda da raƙumi. Bayan jihadin 1804 da kafa birnin Sakkwato a 1809, malamai irin su Nana Asma'u suka yi ta tsara waƙoƙin wa'azi cikin ajami, kalmomin Larabci suka ƙara shiga bakin talaka. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai ga soja da mota da kotu.

Ashe aro tsohuwar al'adarmu ce. Inda asara take shi ne, tun da aka gina daidaitacciyar Hausa bisa Kananci, Sakkwatanci ya ja baya a rubuce. Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mu ara in buƙata ta kama, amma mu zauna gaban tsofaffinmu mu rubuta kalmominsu tun suna raye. Allah ya yi mana jagora.