Tarihin Ciwon Bayle: Hauka da Kumburin Ƙwaƙwalwa

A shekara ta 1822 wani saurayin likita, Antoine Bayle, mai aiki gidan mahaukata na Charenton kusa da birnin Paris, ya gabatar da binciken da ya yi bisa gawawwakin majinyata. Mutanen nan haukansu iri ɗaya ne. Talaka ya ce shi sarki ne, dukiyarsa ba ta ƙirguwa. Daga baya harshe ya yi nauyi, ƙafafu su mutu, cikin ƴan shekaru rai ya yi halinsa. Da Bayle ya buɗe kawunansu, sai ya tarar da tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa ya yi kauri saboda daɗaɗɗen kumburi. Ya ce haukan da shanyewar jikin tushensu guda. Manyan likitocin zamanin ba su amince ba nan da nan.

An daɗe ana zargin tunjere, amma hujja ba ta samu ba sai 1913, lokacin da Hideyo Noguchi, mutumin Japan mai aiki a Amurka, ya ga ƙwayar cutar cikin ƙwaƙwalwar mamatan. A 1917 Wagner-Jauregg na Ostiriya ya soma sa wa majinyata zazzaɓin sauro da gangan, don zafin jiki ya kashe ƙwayar. Wasu sun warke, wasu maganin ne ya kashe su. Duk da haka aka ba shi kyautar Nobel a 1927. Fenisilin ne ya kawar da wannan dabara bayan yaƙin duniya na biyu.

Zancen bai tsaya ga tunjere ba. A 2007 Josep Dalmau ya bayyana wani ciwo, galibi ga ƴan mata, inda garkuwar jiki ke kai wa ƙwaƙwalwa hari: ciwon yakan fara da ruɗewa da gane-gane, kuma yana jin magani.

Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, wahalar tana wajen kalma. Tantanin da Bayle ya duba shi ne sanƙarau ke kamawa, kuma daga Maradi har Damagaram ba mai kiran sanƙarau hauka, ko da majinyaci na sambatu. Amma "kumburi" a Hausa abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. A ganinmu in za a rubuta "kumburin ƙwaƙwalwa", sai an fara da misalin sanƙarau, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka kai ne ke ƙara girma.