Hannun Wa Ya Rubuta Labaran Chaucer? Shari'ar Adam Pinkhurst

Yau Landan za mu leƙa, Landan ta wajen shekarar 1400, lokacin da babu injin buga littafi ko ɗaya a Ingila. Sai a 1476 William Caxton ya kafa na farko. Kafin nan duk littafin da ka gani, wani ne ya zauna da alƙalamin gashin tsuntsu da tawada ya kwafe shi a kan fata ko takarda, baƙi bayan baƙi.

Geoffrey Chaucer, wanda Turawa ke kira uban waƙar Ingilishi, ya rasu a 1400 bai kammala babban aikinsa ba, wato The Canterbury Tales, labaran wasu matafiya da ke ɗebe wa juna kewa a hanyar ziyara. Babu shafi ɗaya na littafin da ya zo mana da rubutun hannunsa. Abin da ya saura kwafe-kwafe ne, sun haura 80 idan an haɗa da guntaye, kuma ba su jitu da juna ba. Biyu aka fi dogara da su: kundin Hengwrt da ke ɗakin karatun ƙasa na Wales, wanda ɓeraye suka gwaguye wa gefe, da kundin Ellesmere mai ado da zane-zane, wanda yanzu yake ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya. Masana sun daɗe da yarda cewa hannu ɗaya ya rubuta su duka biyun. To hannun wa?

Kada wani ya ce tambayar 'yan boko ce marasa aikin yi. Kundayen biyu sun sha bamban wajen jerin labaran, har akwai labari guda da ke cikin Ellesmere amma babu shi a Hengwrt. Sannan a Hengwrt, inda labarin kuku ya yanke bai ƙare ba, magatakardan ya rubuta a gefe cewa iyakar abin da Chaucer ya yi ke nan. In mutumin ya zauna da Chaucer ne, wannan shaidar ganau ce. In kuwa ɗan ƙwadago ne da aka miƙa wa tarin takardu bayan mai su ya mutu, zato ne kawai ya yi.

A 1978 masana biyu, Ian Doyle da Malcolm Parkes, suka yi nazarin wani kundi na waƙar John Gower da ke kwalejin Trinity a Kambirij. Suka ga an raba aikin kwafe shi ga mutum biyar, kowa da nasa kaso, suka laƙaba musu A, B, C, D da E. Na biyar sananne ne, Thomas Hoccleve, akawun gwamnati kuma mawaƙi. Na biyu kuwa shi ne mai Hengwrt da Ellesmere. Daga nan aka riƙa ce masa Magatakarda B, ya shekara fiye da 25 babu suna.

Yadda ake gane hannu a irin wannan aiki ya fi duk labarin burge ni. Magatakardan Ingila na lokacin suna da salon rubutu na gida da ake kira Anglicana. A cikinsa baƙin a hawa biyu gare shi, g kamar lambar 8 take, r kan zura dogon ƙafa ƙasan layi, d kan lanƙwasa kai ya koma baya, ita kuwa w tarin lauje ce mai cin wuri. Akwai kuma baƙaƙen da Ingilishin yau ya yar, irin su þ, wanda ke tsaye a madadin th. A ƙarshen wannan ƙarni wani salo ya shigo daga Faransa, mai kaifi da sauri, wanda a ɗinsa hawa ɗaya ce, magatakarda suka riƙa gauraya su. Saboda haka ka ce wane yana yin g mai kama da 8 ba ka faɗi komai ba, rabin Landan haka suke yi. Wanda ya yi makarantar allo ya san zancen: almajiran malami ɗaya duk hannunsu kan ɗauko nasa, baƙo ya rantse mutum ɗaya ne, amma malamin daga nesa zai ce wannan allon na wane ne.

Abin da malamin ke gani shi masanan ke nema. Daga ina alƙalami ya fara baƙin, sau nawa aka ɗaga shi kafin a gama, ta wace kusurwa aka riƙe shi, yaya baƙi ke kama na gaba da shi. Wace irin s yake sawa a farkon kalma, wace iri a ƙarshe. Yaya yake taƙaita kalmomi, yaya yake harhaɗa baƙaƙensu, tunda a lokacin babu daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, kowa da karin garinsu. Mutum na iya sauya babban salo in aikin na alfarma ne, kamar yadda ake sauya riga ranar sallah. Ƙananan ɗabi'un da bai san yana yi ba su ne ke tona shi, musamman can tsakiyar kundi inda gajiya ta kama shi.

A 2004 wata masaniya Ba'amurkiya, Linne Mooney, ta sanar cewa ta gano sunan B. Ƙungiyar magatakardan Landan tana da rajista inda kowane sabon ɗan ƙungiya ke rubuta rantsuwarsa da hannunsa ya sa suna. Cikin waɗanda suka rubuta wajen 1392 akwai wani Adam Pinkhurst. Mooney ta ce siffofin baƙaƙensa sun yi daidai da na B, haka ma wani ɗan ado da yake yi na karkatattun layuka bibbiyu da ɗigo a tsakani. Ta kuma danganta masa takardar koken da 'yan kasuwar yadi suka kai kan tsohon magajin garin Landan, Nicholas Brembre, wajen 1388. Cikakken bayaninta ya fito a mujallar Speculum a 2006.

Sunan ne ya sa labarin ya zaga jaridun duniya. Akwai wata 'yar waƙa mai layi bakwai da ake jingina wa Chaucer, inda yake yi wa wani magatakarda mai suna Adam faɗa. Ya gaji da kankare kurakuransa yana gyarawa, har ya yi masa fatan ƙurajen kai in bai daina gaggawa da sakaci ba. Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa wurin mai kwamfuta ya dawo ya tarar ƙugiyoyin ƙ da ɗ sun ɓace, ƙafa ta koma kafa, ya san zafin da ke cikin wannan waƙa. Ga Adam a waƙa, ga Adam a rajista, ga hannu ya yi kama. Sai aka ce shi ke nan, an kama ɓarawo da kaya a hannu.

Ba kowa ya sa hannu ba. A 2011 Jane Roberts, ƙwararriya a tsoffin rubuce-rubucen Ingila, ta fito ta ce ba ta gamsu cewa hannu ɗaya ba ne. Lawrence Warner ya bi baya da maƙala a 2015, sannan da littafi guda a 2018, Chaucer's Scribes. Bai musa cewa Pinkhurst ya rayu ya yi kwafe ba. Abin da ya ce shi ne yawancin alamomin da aka kafa hujja da su kayan kowa ne a Landan ta lokacin, har adon ma akwai wasu da ke yin irinsa, kuma an ƙirga wuraren da hannayen suka yi kama an kau da kai daga inda suka saɓa.

Akwai wata matsala da ni a ganina ta fi nauyi. Rantsuwar Pinkhurst da Latinanci take, cikin rubutun takardun shari'a, kuma gajeriya ce. Labaran Chaucer da Ingilishi suke, cikin rubutun littafi na tsanaki, ɗaruruwan shafuka. Latinanci ba ya amfani da þ, w ma sai a sunaye, alhali su ne baƙaƙen da magatakardan Ingilishi ya fi sakin hannu a kansu. Dole sai an bi ta gada: rantsuwa ta yi kama da takardar koke, koken ya yi kama da wani kundi, kundin ya yi kama da Hengwrt. Katako ɗaya ya ruɓe, gadar ta tafi. Ita ma waƙar Adam ba ta tsira ba. A kundi ɗaya tak aka same ta, na John Shirley, wanda ya kwafe ta shekaru da dama bayan rasuwar Chaucer, kuma kanun da ya ce Adam magatakardan Chaucer ne na kansa, a kundin Shirley yake. Wasu masana ma suna shakkar ko Chaucer ne ya yi ta. Adam kuma suna ne gama-gari.

Ni dai na fi karkata ga masu shakka, duk da cewa Mooney ta buɗe ƙofar da ba a taɓa buɗewa sosai ba, wato neman magatakardan adabi a cikin rajistocin 'yan kasuwa da na hukumar birni. Har yanzu akwai manyan masana da ke tare da ita. A 2011 ita da Simon Horobin da Estelle Stubbs suka buɗe rumbu a intanet mai suna Late Medieval English Scribes, inda suka yanko hotunan baƙaƙe irin su a, d, g da w daga kundaye masu yawa, kowane magatakarda da nasa. Mai data a waya zai iya jera g ɗin Hengwrt kusa da na sauran ya duba da idonsa.