Tsohuwar Land Rover da Makanikan Arewacin Gana

Kafin zuwan mota, da ƙafa da jaki ake ratsa ƙasar Gwanja da ta Dagomba. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan biyo ta Yendi su sauka Salaga, su sayar da kanwa da tufafi, su ɗauki goro su juya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, sannan jirgin ruwa da jirgin ƙasan Ikko zuwa Kano suka janye cinikin goro daga hannun madugai. Zangunan Hausawa dai ba su tashi ba. Jikokin fataken nan da dama sun koma tuƙi da kamasho da kanikanci, suna bin hanyoyin da kakanninsu suka bi.

Sai dai hanyoyin ba su da sauƙi. Turawan Ingila sun mayar da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, babbar hanyar Kumasi kuma ta biyo ta Yeji, inda ake ƙetare kogin Volta da jirgin fito, ta wuce Salaga. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya faɗaɗa mashigin, zirga-zirga ta koma ta Kintampo da Buipe, aka bar Salaga a gefe. Garuruwa irin su Karaga, wadda sarautarta na cikin ƙofofi uku da ake bi a kai ga gadon Ya Na a Yendi, sun daɗe da hanyar jan ƙasa. Da rani ƙura ce da gargada, da damina kuwa taɓo. Mai zuwa Bawku daga Yendi sai ya bi ta Gushegu, ya fuskanci gangaren dutsen Nakpanduri. Irin wannan ƙasa ce ta ba Land Rover daraja a wurin jami'an mulki da ma'aikatan lafiya da malaman gona.

Kamfanin Rover ya fito da motar a bikin baje kolin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, saboda haka aka ƙera jikinta da alminiyam, aka ɗora shi bisa casis na ƙarfe mai siffar tsani. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971. Ƙirarta ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Yawancin jikinta da kusoshi aka ɗaure, ana kwance shi da sifana. Sifirinta faranta ne na ƙarfe da aka jera bisa juna. Kusa da giya akwai sanduna biyu: in aka danna mai rawayan kai, tayoyi huɗu su ja tare, in aka jawo mai jan kai, motar ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta fita daga taɓo ko ta hau tudu.

Gyaran wannan mota a gida ya samo asali ne daga larura. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983 tattalin arzikin Gana ya durƙushe, kuɗin waje suka yi ƙaranci, kayan gyara suka ɓace daga kantuna. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Makaniki ya koyi yanka gaskit daga kwali, da yin bushin daga tsohuwar taya, da haɗa matattun motoci biyu a tayar da ɗaya. Abin da ya gagara a Yendi ko Bawku, sai a nufi Suame Magazine a Kumasi, unguwar makanikai da maƙera da ta samo sunanta daga ma'ajiyar makamai ta zamanin mulkin mallaka. A can Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da masu sana'a aikin injinan sassaƙa ƙarfe a 1980, aka kuma buɗe irinta a Tamale a 1988.

Mai son tayar da tsohuwar Land Rover a yau kan bi tsarin da waɗancan shekaru suka koyar. Ba a fara duba fenti, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana iya yin kyau alhali abin da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe. Casis ake fara ƙwanƙwasawa da guduma. Inda ya yi ƙara mai kauri yana da rai, inda ya yi taushi sai a yanke a yi walda. Taɓon da ya maƙale cikinsa damina bayan damina shi ke riƙe danshi ya ci shi daga ciki. Bayan haka sai bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da direba, wanda kan ruɓe ta wajen ƙafa da gindin ƙofa. Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe cikin danshi kuma, yakan yi farin gari ya huje, don haka ake raba su da fenti ko roba.

Sai an gama da waɗannan ake komawa kan inji, wanda a yawancinsu mai silinda huɗu ne, lita 2.25, na fetur ko na gas. A wanke lagireta da kafireta, a sauya fulogi da ringi, a kwance sifirin a goge tsakanin farantansa, a sake bututun birki, a toshe yoyon man da ke gindin tayoyin gaba. Sitiyari ma shaidar tarihi ne. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta, 1974, saboda haka wadda ke da sitiyari a dama galibi ta riga wannan sauyi shigowa ƙasar.

An daina ƙera zuriyar motar ta asali, wadda aka raɗa wa suna Defender tun 1990, a masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016. A wannan shekarar kamfanin ya sanar da shirin nemo motoci 25 na samfurin farko ya sabunta su don masu kuɗin da ke tara kayan tarihi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma a Arewacin Gana an riga an san haka tun kafin ta zama abin ado. A can Toyota da babura sun karɓe yawancin aikinta, sababbin motoci kuma da kwamfuta ake gano ciwonsu. Tsofaffin makanikan da ke gane cutar inji da kunne suna raguwa, kuma iliminsu a hannu yake da baki, ba a littafi ba. Muddin babu yaran da ke zaune a gabansu suna miƙa sifana, motocin da suka rage a bayan gareji za su ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe.