Jaririn da Ya Gaggauta da 'Yan Makonni: Nazari Kan Jinkirin Girma

Ciki yana cika ne a mako na 37 zuwa 42. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin mako na 37, kusan ɗaya cikin goma ke nan. Akasarinsu ba irin ƙananan bakwainin da ake sa wa a kwalba ba ne. Sun fi yawa tsakanin mako na 34 da na 36. Nauyinsu kan wuce kilo biyu, suna kuka, suna kama nono, sai ungozoma ta ce lafiya lau, a sallame su.

Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama aikinta ba. A mako na 34 nauyinta kimanin kashi 65 cikin 100 ne na ta jaririn da ya cika watanninsa, sauran sai ta ƙarasa shi a waje. Wannan ya sa a 2005 wani taron masana a Amurka ya nemi a daina lissafa su a matsayin waɗanda suka kusa cika lokaci, a mayar da su sahun bakwaini.

Bincike biyu da aka wallafa a 2009 sun fayyace girman lamarin. Na Petrini da abokan aikinta a Kalifoniya, wanda ya bi yara sama da 140,000, ya gano cewa haɗarin shanyewar gaɓoɓi sanadin taɓuwar ƙwaƙwalwa ya ninka fiye da sau uku a wajensu. Na Morse a Filorida ya duba waɗanda aka sallama da lafiyarsu, amma duk da haka haɗarin jinkirin girma ya ɗara na sauran yara da kashi 36 cikin 100. Sai dai a karanta alƙaluman da hankali. Ninki uku na abin da dama ba shi da yawa bai zama annoba ba, kuma mafi yawan yaran suna cim ma tsaransu. Jinkirin da aka fi gani mai sauƙi ne: nauyin baki, raunin riƙe ƙananan abubuwa, wahalar karatu da lissafi a farkon firamare. Yana da wuya kuma a rarrabe illar saurin haihuwar da illar abin da ya jawo ta, kamar hawan jinin uwa ko zazzaɓin cizon sauro.

A ganina, inda ya fi cancantar a zuba ido shi ne makon farko. Jaririn yana gajiya da tsotso, sukarin jininsa ya faɗi, sanyi ya kama shi, hantarsa ta kasa kawar da shawara. Shawara mai tsanani tana iya lalata ji da ƙwaƙwalwa, alhali hasken fitila na asibiti yana maganinta idan an kai shi da wuri. A ƙasar Hausa, inda haihuwar gida ta yi yawa kuma ba kowace mace ke sanin makon cikinta ba, irin wannan jariri kan yi kwanaki a ɗaki mai duhu, har ranar suna ba a lura idonsa ya yi rawaya ba. Ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978, tana riƙe masa ɗumi, tana ƙara masa shan nono.

Wajen auna zama, rarrafe da tafiya, likitoci suna cire makonnin da ya gaggauta daga shekarunsa har ya kai shekara biyu. Ɗan wata shida da aka haifa a mako na 34, da ma'aunin ɗan wata huɗu da rabi za a duba shi.