Alƙalamin Mata a Kwarin Rima: Nana Asma'u da Hidimar Larabci

Idan ana ba da tarihin ƙasar Kabi, yaƙi ne kan cika bakin masu magana: faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, tsayuwar Kabawa a Argungu, da sulhun 1934 da ya ɗaukaka bikin kamun kifi. Wannan maƙala na ganin cewa kwarin Rima yana da wani tarihin da ya cancanci irin wannan kulawa, wato hidimar da mata suka yi wa Larabci.

Babbar hujja ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793-1864), 'yar ɗan'uwan Abdullahin Gwandu. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A 1820 ta wallafa Tanbihul Gafilin da Larabci, daga baya ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa. Malantarta ba ta tsaya kan takarda ba. Ta naɗa jajoji, wato malamai mata masu yawon koyarwa, ta ba kowacce malfa da jan rawani, su kuma suka riƙa kai karatu ƙauyuka ga 'yan taru, wato rukunin mata ɗalibai. Abin da ke ƙunshe cikin littattafan fiƙihu da tauhidi sai ya zama waƙar da uwa ke haddacewa ta koyar a ɗakinta. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

A Turai ana yaba wa tagwayen nan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, waɗanda suka gano tsohon kundin Linjila na Suriyanci a Sina'i a 1892. Yabon ya dace, amma su kundi suka ceto domin masana. Asma'u kuwa ilimi ta fitar daga kundi ta damƙa wa jama'a. Duk ma'aunin da ya ƙirga na farko ya manta da na biyu, ma'auni ne mai tawaya.

Sai a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta. Nauyin da ya rage namu ne. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu su bi gidajen malamai, su tattara takardun ajami, su naɗi haddar tsofaffin modibbai mata tun suna raye, a rubuta sunan kowacce da na wadda ta karantar da ita.